Dodon da Ke Shanye Wutar Baturi

Da kakar bana mahaifina, Malam Isuhu, ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan bar Mayahi, inda nake koyarwa a lekol, in tafi ƙauyenmu da ke kusa da Maijirgi, mu yi masa sadakar fura da addu'a ni da Inna, in kwana biyu in dawo bakin aiki. Ban taɓa tunanin rubuta wani abu a kansa ba. Bai yi sarauta ba, bai tara almajirai ba, bai bar gidan siminti ba. Manomi ne mai gero da wake, da jaki guda mai taurin kai, da baki mai daɗin zance. Bana ne wani abu ya faru da ya hana ni sakat, kuma na san wani zai yi dariya idan ya ji mafarinsa, domin wani tsohon fim ne na dodo, mai baƙi da fari.

Ina yarinya, ban daɗe da shiga lekol ba, Baba ya dawo daga cin rani a Kano. Mazan garinmu kan dawo da keke, ko rediyo, ko turmin atamfa na lallashin uwargida. Shi sai ga shi a kan amalanke ya rungume wata ƙaramar tele kamar jaririya, da akwatin bidiyo naɗe cikin bargo. Inna ta leƙa, ta tambaya ko abin yana haihuwa. Da aka ce mata a'a, ta ce ita da tunkiya aka kawo mata. Babu lantarki a garin, sai Baba ya samo baturin mota, wanda ake ɗora wa jaki a kai Tasawa a cika shi da wuta. Da ruwan baturin ya cinye wa ƙanena Lawali wando, Baba ya huda bangon zaure, ya zura waya ta ramin, ya ajiye baturin ta cikin gida, bayan bango, inda Inna ke zama tana ɓarar gujiya. Tele a zaure, baturi a wajen Inna. Ranar kasuwa bayan azahar ake kallo, a rataya tabarma a ƙofa don a sami duhu, manya a gaba, mu yara a cusa kai ta ko'ina.

Telen tamu ba ta san launi ba. Duk abin da aka saka mata, ko 'yan rawar Indiya ne da tufafinsu masu walƙiya, baƙi da fari take mayar da shi. Sai da na girma na gane cewa a cikin kaset ɗin Baba akwai guda da aka haife shi a haka, ba laifin tele ba ne. Shi ne na dodon. Wasu Turawa ne ke fasa dutse don su yi hanya, sai suka tada wata dabba da ke kwance a ƙarƙashi. Ta fi rumbu uku girma, wuyanta kamar na raƙumi, fatarta kamar ta damo, tana tafiya tana dingishi. Duk inda ta nufa, ruwa take nema, kuma tsakaninta da ruwan akwai gonakin mutane. Ta tattake shuka, ta rushe shinge, ta ture wani gida. Akwai wata mata da ba ta da aiki a fim ɗin sai dafe kunci da kurma ihu.

Ba Faransanci suke yi ba, balle malamin lekol ya taimaka mana. Baba ne ke tsayawa gefen tele da karan gero a hannu yana fassara, shi da bai san ko kalma ɗaya ta harshensu ba. Mai babbar hula ya sa masa Kumandan, mai ihu kuma Delu. Idan Kumandan ya daɗe yana magana, Baba zai ce, “Ya ce ina kwananku.” Idan Delu ta amsa da kalma ɗaya, sai ya ce, “Ta ce lahiya lau, amma hwa tun jiya ba ta ga akuyarta ba, kuma tana zargin maƙwabta.” Kowa ya san ƙari yake yi, kuma don ƙarin ake zuwa.

Ranar da aka fara nuna fim ɗin ba ranar wasa ba ce a garinmu, ko da yake sai daga baya na fahimci haka. A shekarar nan wake ya yi jinkiri, ba a saki gonaki ga dabbobi ba tukuna. Wani makiyayi mai suna Agali, wanda ya saba sauka arewacin gari duk kaka, raƙumansa suka faɗa gonar Sani Dogo suka yi ɓarna. Kowa ya san gonar Sani ta daɗe tana cin burtali, wato hanyar da aka bar wa dabbobi su bi zuwa rijiya, kunya ɗaya bana, biyu baɗi. Amma mai zafin rai ba ya tuna wannan. Samari suka taru da sanduna, har da masu faɗin a je a cinna wa zangon Agali wuta. Baba yana cikin dattawan da ake aikawa ganin ɓarna, kuma an sa washegari za su fita. Abin tsoron shi ne yammacin ranar. Sai Baba ya sa aka yi shela cewa akwai sabon kaset, irin wanda ba a taɓa gani ba, kuma yau kowa ya shiga kyauta.

Suka zo, suka jingine sandunansu a bakin zaure. Ina tuna yadda suka riƙa zuga sojojin fim ɗin duk lokacin da dodon ya taka gona. Aka kai wurin da aka ritsa shi a bakin ruwa, sojoji sun yi layi, mutanen gari na bayansu da wuta a hannu, wani soja ya ɗaga ƙaho ya busa. Nan take hoton ya tsuke, ya zama ɗan farin ɗigo a tsakiyar tele, ya ɓace. Zaure ya ɗauki salati da tsaki. Baba ya bubbuga akwatin, ya leƙa ramin bango, ya girgiza kai, ya ce baturi ya mutu. Sannan ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya ce, “To, ku zamna, in ƙarasa muku.”

Ga yadda ya ƙarasa. Kafin a yi harbi, wani tsoho ya fito daga cikin jama'a da ƙwaryar ruwa, ya ce a dakata, a tambayi baƙo abin da ya kawo shi. Da aka bi sawun dodon sai aka tarar ashe hanyarsa ce ta kakanni, mutane ne suka nome ta yana barci. Kumandan ya ji kunya, ya cire hula. Aka ja gonaki baya, aka dasa itacen aguwa ya zama shinge hagu da dama, aka bar masa hanya har bakin ruwa. Tun daga nan duk kaka, bayan an kwashe amfanin gona, dodon kan zo ya wuce, kuma takin da yake bari ya sa geron garin sai an hau tsani ake yanke shi. Delu ma ta bar ihu, an ga akuyarta. Aka yi ta dariya, ana gardamar ko takin dodo ya fi na raƙumi, har ladan ya kira magariba. Sandunan sun kwana a ƙofar zaurenmu.

Ba zan ce kaset ne ya kashe wannan wuta ba. Washegari dattawa suka fita, aka ga ɓarna, Agali ya ɗauki abin da aka ɗora masa, aka kuma sa Sani ya janye daga burtali yana ƙunƙuni. Amma fushi kamar tuwo yake, idan ya kwana ba ya ƙona hannu. Baba ya sama wa garin kwana ɗaya, kuma kwana ɗayan ake bukata.

Abin mamaki, baturin bai taɓa kai fim ɗin nan ƙarshe ba. Zai ja fim ɗin Indiya mai tsawon tafiyar Tasawa bai yi tari ba, amma da an busa ƙahon nan, sai ɗigo. An zagi mai cajin baturi na Tasawa, bawan Allah, har an gaji. Daga baya gari ya yanke hukunci cewa dodon ne ke shanye wutar, domin dabba mai wannan girma ba za ta yi yawo a cikin ƙaramin akwati da yunwa ba. Ni ma na yarda da haka har na shiga kolej. Kowane lokaci kuma Baba zai gyara hula ya ƙarasa, yana sauya gishiri gwargwadon masu sauraro. Ranar da ake nuna wa mata, dodon mace ce mai goyo. Inna dai ba ta taɓa shiga ba, ko ranar mata. Takan ce ita ba ta kallon aljanu, a bar ta da gujiyarta. Amma ƙarshen labarin ya zauna mata a baki. Ko yara ta raba faɗa, ko maƙwabta suka kawo mata ƙarar iyakar shinge, maganarta ɗaya ce: “Ko dodo an bar mishi hanya.” Bayan rasuwar Baba ta ƙara riƙe maganar, tana faɗinta kamar wasiyya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga garin yau. Na san zai yi murna da itatuwan gawo da aka bari suka sake tashi a gonaki, domin ya sha faɗa da masu sare su. Zai yi tsaki idan ya bi burtalin, wanda a wasu wurare yanzu raƙumi mai kaya sai ya karkace yake wucewa. Jikokin Agali na zuwa har gobe, ana gaisawa, amma ba kowane saurayi ne ya san sunansu ba, kuma wanda ba ka san sunansa ba yana da sauƙin zama dodo. Abin da nake jin zai fi ɗaure masa kai shi ne kallo. Kusan kowane gida da farantin hasken rana a kan rufi, wuta ba ta yankewa, kowa da salularsa a tafin hannu, ya juya wa ɗan'uwansa baya yana dariya shi kaɗai. Idan rigima ta tashi a wani gari mai nisa, kafin la'asar samarinmu sun kalle ta har ƙarshe, da jinin da ihun, babu mai tsayawa a gefe da karan gero, babu wanda zai ce ku zauna tukuna. Ba na cewa da ta fi yanzu, ni ma ba zan so in koma jiran jaki daga Tasawa ba. Ina dai ganin mun sami wuta mun rasa mai gyaran murya.

Ana saura kwanaki in tafi sadakar bana, Lawali, wanda yanzu ke aiki a Yamai, ya turo mini wani abu a salula da saƙon murya. Ya ce, “Yaya, na samo dodon Baba. Ki kalla ke kaɗai, kada Inna ta ga ƙarshen.” Na zauna a aji lokacin hutun rana na kalla. Ga Kumandan, ga Delu, ga dingishin nan da na sani kamar tafiyar ɗan gidanmu. Aka busa ƙaho, zuciyata ta tsaya tana jiran ɗigo, amma hoton ya ci gaba. Babu tsoho, babu ƙwaryar ruwa. Harbi suka yi ta yi, suka watsa masa wuta, ya faɗi da kansa dab da ruwan da bai samu ya sha ba. Mutanen gari suka yi ta tsalle suna jefa huluna sama, Kumandan ya rungume Delu, aka rubuta wasu kalmomi, shi ke nan.

Na yi kuka, ni mai furfura a gefen kai, a kan wata dabbar roba. Da farko haushi na ji, kamar an yi mini wayo tsawon rayuwata. Daga baya tsoro ya maye gurbinsa. Baba mutum ne da duk darajarsa a maganarsa take, shi ya sa ake aika shi ganin ɓarna. Inna kuwa ta gina kwanakin takabarta da shekarun bayansu a kan wannan ƙarshen labari. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ban so a ce ni ce na kai tsohuwa ƙarshen ramin ba. Na yi niyyar ba zan ko ambata mata ba.

Niyyar tawa ba ta je ko'ina ba. Washegarin sadaka da hantsi, ina zaune a rumfa, 'ya'yan ƙannena suka dame ni in nuna musu wani abu, sai na ce a raina bari in nuna musu farkon kawai. Kiɗan buɗewa bai gama ba na ji muryar Inna daga bakin murhu: “Ke, wanga ba dodon babanku ba ne?” Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana, kamar yadda ba ta taɓa kiran nasa ba. Ta taso tana dafa bango, domin yanar ido ta fara rufe mata gani. Ta ce tana so ta gan shi tun idon na da saura. Na kawo dalilai, na ce wuta ta yi ƙasa, na ce rubutun ƙanana ne. Ta miƙo hannu kawai.

Ta riƙe salular dab da hancinta, yara sun kewaye ta. Da dodon ya fito ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce, “Wanga ne? Ai na ɗauka ya hi haka. Dubi haƙarƙari, ba shi samun kiwo.” Delu ta kurma ihu, Inna ta yi dariya har da hawaye, ta ce muryar ta sani, fuskar ce baƙuwa. Ni kuwa ina gefe ina lissafin yadda zan karɓe abin kafin a kai bakin ruwa. Ban yi wuf ba. Sojoji suka yi layi, soja ya ɗaga ƙaho ya busa.

Sai na ga hannun Inna na hagu ya tafi da kansa gefen tabarma, yana lalube a ƙasa, inda babu komai. Ta tsaya. Ta kife salular a kan cinyarta, ta ce mini, “Kashe abin ga, ban san inda wayatai take ba.” Na kashe. Na ce, “Inna, da saura.” Ta ce ta san da saura, ai ita ce ke zare wayar.

Ta ba mu labarin a taƙaice, kamar mai faɗin inda ta ajiye ludayi. Ranar da samari suka taru da sanduna, Baba ya rufe zaure da safe ya kalli sabon kaset shi kaɗai, ya shigo gida ya kasa shan fura. Ya ce mata akwai wurin da za ta ji ƙaho, idan ta ji ta zare wayar daga kan baturi. Ta tambayi dalili, ya ce, “Yaran ga da sanda a hannu bai kamata su ga an ƙone mai neman ruwa ana shewa ba.” Daga ranar ya zama aikinta. Shekara da shekaru tana bayan bango da gujiyarta, kunnenta na jiran ƙaho, ba ta ga dodo ba, ba ta ga Kumandan ba, ba ta gaya wa kowa ba, tana ji ana tsine wa mai caji na Tasawa. Ta ce wannan kaɗai ke damunta, Allah ya sa ya yafe.

Na tambaye ta ko ba ta son ganin ainihin yadda aka ƙare. Ta juyo da idanunta masu hazo ta ce, “Ke kin gani?” Na ce na gani. Ta ce, “Ya ƙare ki da mi?” Yaran kuwa sun zuba wa salular da ke kife ido, irin zaman da muke yi a zaure idan hoto ya zama ɗigo. Wurin da Baba zai gyara hula ne, kuma babu hula, babu Baba. Sai na ji kewarsa ta taso mini sabuwa fil, kamar jiya aka fita da shi. Inna ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, “Yara na jira. Ba koyarwa kike ba?”

An ce kyan ɗa ya gaji ubansa, ba a ambaci ɗiya ba, amma ranar ni aka samu. Na gyara ɗankwali, na yi gyaran murya, na ce su zauna in ƙarasa musu. Na fito da tsoho da ƙwaryar ruwansa, na sa aka bi sawu, na cire wa Kumandan hula, na dasa aguwa hagu da dama har bakin ruwa. Na kai ƙarshe ina jin na yi abin kai. Inna ta yi tsaki ta ce, “Kin manta takin.”

Telen Baba tana nan a ɗakin ajiya, kaza na ƙwai a bayanta. Baturin an daɗe da sayar wa masu gwangwani, kaset ɗin zafi ya narkar da shi. Ramin da ya huda a bangon zaure ne kawai ya rage, kuma na roƙi ƙannena idan za su yi yaɓe su bar shi. Na daɗe ina auna ko ƙarya Baba ya yi mana. Abin da na iya samu shi ne, masu fim ɗin sun faɗi yadda mutane kan yi, shi kuma ya faɗi yadda ya kamata a yi, sannan washegari ya ɗauki sandarsa ya tafi gonar Sani Dogo ya tsaya a kan maganarsa. Allah ya haskaka makwancinsa, ya shayar da shi kamar yadda ya so a shayar da baƙo, ya ƙara wa Inna lafiya. Fim ɗin yana nan a salulata har ƙarshensa, ban goge ba. Jikokinsa za su sake nema, kuma na riga na san inda zan kife ta.